In sanyi na kashe miki yatsu, ga yadda za ki yi

'Yan uwa mata, in kina cikin waɗanda da sun taɓa ruwan randa da asuba a hunturun nan sai yatsu su mutu, su yi fari kamar ba jini, can su yi duhu, in sun fara dawowa kuma su dinga zugi, to abin yana da suna, Raynaud, sunan likitan Faransa ne da ya yi bayaninsa a 1862. Ƙananan jijiyoyin jini ne ke tsukewa fiye da kima in sanyi ya buge su ko hankali ya tashi. Ya fi kama mata, yawanci yana somawa tsakanin shekara 15 da 30. Mu masu duhun fata launin bai cika fitowa ba, balle in da lalle, sai dai ki duba farce da cikin yatsa.

In ya taso kar ki kuskura ki kara hannu a kurfoti ko ki tsoma a ruwan zafi, yatsan da ya mutu ba ya ji, sai kin ƙone za ki sani. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai. In babu, cusa hannun a hammata ko ki yi ta wulwula hannuwa jini ya gangaro.

Inda aka fi kuskure shi ne a sa safar hannu a bar jiki, alhali in jiki ya ɗau sanyi jinin yatsu yake fara janyewa. Sa suwaita da safa, ki rufe kai, musamman in za a hau mashin da sassafe. Ki sirka ruwan alwala da na wanke-wanke, ba wani son jiki ba ne. Masu ƙulla zobo da ƙanƙara, a sa tsumma kafin a zira hannu a firiza. Shisha da sigari kam a haƙura, kofi a rage, wasu magungunan mura ma suna ƙara tsuke jijiyoyin.

Amma fa in gyambo ya fito a kan yatsa, ko hannu ɗaya ne kawai ke yi, ko akwai ciwon gaɓoɓi da ƙuraje, sai asibiti, don wani lokacin lupus ne a ƙasa, wato ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin da kansa. Mai sikila ma kar ta tsaya dabara. Akwai magani irin nifedipine, amma yana sauke hawan jini, likita ne zai rubuta ba mai kemis ba.