Yadda nake noman salati a cikin bido

Gidan haya nake zaune a unguwar Zariya, nan Maraɗi, kuma maigidan ya malale tsakar gidan da siminti kakaf. Ko zogale ba inda za a dasa. Shi ya sa na koma shuka salati a cikin ruwa, da dabarar wani masani na Jami'ar Hawayi mai suna Kratky. Abin da ya ja ni gare ta shi ne ba ta son injin ruwa, ba ta son lantarki. Wanda ya san halin wutarmu ya san dalili.

Ka samo bidon mai na lita 25, ka wanke shi da omo har santsin ya fita. Ka ɗaure murfin tam, ka kwantar da shi, ka fafe ramuka huɗu a gefen da ke kallon sama, kowane daidai gindin ƙaramin kofin roba. Kofunan kuma ka huhhuje su da ƙusa mai zafi, gindi da gefe. Sai ka naɗe bidon da buhun algarara ko tsohon bargo, don in haske ya shiga ruwan gansakuka za ta cinye takin.

A cikin kofi ba ƙasa ake sawa ba, abin da zai riƙe tsiron kawai ake nema. Ni ɓuntun shinkafa nake haɗawa da ɓawon gyaɗa da na jiƙa kwana biyu na ɗauraye. Irin kuwa a faranti nake yafa shi cikin yashi mai laima. In ya yi ganye uku zuwa huɗu, sai in cire a hankali, in wanke saiwar, in sa a kofi.

Taki shi ne inda mutane ke yin tuntuɓe. Takin buhu na 15-15-15 da muke zuba wa hatsi ba ya narkewa duka, kuma akwai sinadaran da ya bar wa ƙasa ta cike. A nan babu ƙasar. Taki uku nake amfani da su, wani abokina mai fatauci ke zo mini da su daga Kano. A lita 20 na ruwa, giram 12 na Masterblend mai lamba 4-18-38, giram 6 na gishirin Epsom, giram 12 na kalsiyam naitiret. Ka auna da ƙaramin sikeli, irin na masu sayar da zinariya, kada ka ce da cokali za ka kintata. Ka narkar da su bi da bi yadda na jero su, kowane ya narke sarai kafin na gaba ya shiga. In ka haɗa na ƙarshen da sauran a ruwa kaɗan, za ka ga farin gari ya kwanta a ƙasa, kuma tsiro ba ya iya shan wannan. In ka samu takardar gwajin tsamin ruwa, ka nemi awon ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5.

Ka zuba ruwan har ya taɓa gindin kofi da kamar faɗin yatsa guda. Daga nan sai ka naɗe hannu.

Wannan shi ne abin da ya fi wuya. Salatin zai riƙa sha, ruwan ya riƙa sauka, saiwar ta bi shi. Filin da ya buɗe tsakanin kofi da ruwa, nan ne saiwoyin sama ke shaƙar iska. A karon farko, ganin ruwa ya ja baya ya sa tausayi ya kama ni, na cika bidon har baki. Kwana biyu duk suka yi laƙwas, saiwar da take fara tas ta koma launin ƙasa tana wari. Uwargida ta leƙa ta ce, "Malam, ai ka nutsar da su." Lita biyar ga kowane tsiro ta kan kai shi girbi. In dole sai ka ƙara, ka ƙara kaɗan, ka bar rabin saiwar a iska.

Lokaci kuma, ka bi masu lambun Jiratawa da na bakin gulbi: daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Salati ɗan sanyi ne. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, ruwan bido kan ɗumama, iskar cikinsa ta ragu, ganye ya yi ɗaci ya miƙe zai yi fure. Ko a hunturun ma, inda rana ke bugawa da hantsi nake ajiye nawa, inuwar katanga ta rufe su bayan azahar. Nakan yayyafa wa buhun ruwa ya huce kamar randa. Duk ramin da ba kofi a kai ka toshe shi saboda sauro.

Kwana 30 zuwa 40 bayan dashe za ka fara ci. Ni ganyen waje nake tsinka in bar tsakiyar ta ci gaba. Sauran ruwan da ya rage nakan tsarma shi in ba wata maƙwabciya ta zuba wa zogalenta. Ka kuma ɗora bidunan bisa benci mai tsawo in kuna da jar akuya a gidan, don tamu ta taɓa share mini bido guda kafin in dawo daga masallaci.