Yadda ake kwaikwayon tafiyar haske cikin ƙwayar dusar ƙanƙara a kwamfuta

Kafin ka buɗe kwamfuta, tuna ƙanƙarar da ake saidawa nan Gusau lokacin azumi, inda ta daskare sumul garau kake hango hannunka ta ciki, amma sa ta a turmi ka daka sai ta koma fari fat. Abu ɗaya ne fa, fuskokin da haske ke karo da su ne suka yi yawa. Wannan shi za ka koya ma kwamfuta.

Fara da auna girman ƙwayar da tsawon zangon haske: x = 2πr/λ, r rediyos ɗin ƙwayar ne (rabin faɗinta), λ tsawon zangon. Sabuwar dusa rediyos ɗinta kamar maikiron 50 zuwa 100 (maikiron dubu ke milimita 1), tsohuwa tana kai milimita 1, hasken da ido ke gani kuwa maikiron 0.4 zuwa 0.7 ne. Ɗauki 100 da 0.5, x ya haura 1,200. To lissafin Rayleigh ya fita kenan, na ƙananan abubuwa ne.

Saura hanya biyu. Akwai ta Gustav Mie ta 1908, daidai take ɗari bisa ɗari amma ga abu mai siffar ƙwallo kawai, kuma yawan jimlolin da za ka tara kusan x ne. Dusa kuwa ba ƙwallo ba ce, dabarar Grenfell da Warren ta 1999 ita ce ka musanya ta da ƙwallaye masu r = 3V/A, wato girman ciki (V) da faɗin fata (A) su yi daidai da na asali. In sauri kake, miepython a Python ta ishe ka.

Ni dai na fi son ta biyu, bin sawun haske, don ita ke sa ka gane abin da ke faruwa. Nemo ƙarfin karkatar da haske na ƙanƙara daga jadawalin Warren da Brandt na 2008, n kusan 1.31 ne, sai k mai nuna shanyewa wanda a hasken shuɗi ɗan mitsitsi ne ƙwarai. Ka harba tsinken haske, duk inda ya taɓa fuska lissafin Fresnel ya faɗi nawa zai dawo, in a miƙe ya faɗa kashi 2 cikin ɗari ma bai cika ba, lissafin Snell ya ba ka karkatar wanda ya shige, cikin ƙwayar kuma ka rage ƙarfinsa da exp(−4πkL/λ), L tsawon tafiyar da ya yi. Maimaita da lambobin kan-mai-uwa-da-wabi, dubu ɗaruruwa, ka bar laftof tana yi ka je ka sha fura.

Inda ɗalibai ke faɗawa rami: mantawa da hasken da ke lanƙwasa ta gefen ƙwayar, alhali shi ne rabin abin da ta tare, shi ya sa Qext, wato hasken da ƙwayar ta tare in an gwada da faɗin inuwarta, ke kusantar 2 ba 1 ba.

Daga nan ka fitar da kason da ya warwatsu da g, ma'aunin yadda hasken da ya warwatsu ke ci gaba da nufar gaba, na ƙwallon ƙanƙara wajen 0.89, ka zuba su cikin lissafin shimfiɗa irin na Wiscombe da Warren na 1980. Gwajin aikinka: hasken ido ya dawo kusan duka, a hasken mai tsawon zango maikiron 1.5 dusar ta yi duhu, manyan ƙwayoyi su fi ƙanana shanyewa. In kana son gwadawa da yashin gulbin Argungu canza n zuwa 1.54, amma k sai ka nemo daban don ƙarfen da ke jikin yashi ke ba shi launi.