Yadda Ake Gane Dutsen Jed da Kare Huhu Daga Ƙurarsa

Koren dutsen nan da ake kira jed, wanda ake sassaƙa carbi da awarwaro da shi, yana shigowa Zariya cikin kayan 'yan kasuwa da tsarabar matafiya, amma ba kowane koren dutse ne jed ba. Na ainihin iri biyu ne, kamar yadda masanin Faransa Alexis Damour ya bambance a 1863: jadayit, wanda mafi darajarsa ke fitowa daga jihar Kachin ta Myanmar, da nefrayit, wanda aka fi sani daga Hotan ta ƙasar Sin da kuma Kanada.

Da farko ka ɗaga abin a hasken rana ka duba cikinsa. Idan ka ga 'yan kumfa, gilashi ne. Idan kuma koren ya taru a cikin tsagogi, an rina shi. Bayan haka, da izinin mai kaya, ka goga bakin wuƙa a wani ɓoyayyen gefe, domin wuƙa ba ta cin jed, alhali tana karce safentin, dutsen da aka fi sayarwa da sunan jed. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na sikelin masu gwal: a auna dutsen, a sake auna shi rataye cikin ruwa, sannan a raba nauyin farko da bambancin da ke tsakanin awon biyu. Jadayit yana bayar da kusan 3.3, nefrayit kusan 3.0, safentin kuwa wajen 2.6. Idan kuɗin da yawa, a tuntuɓi masana duwatsu na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru kafin a biya.

Riƙe goggen dutse ko sa shi a jiki ba ya cutarwa. Haɗarin yana cikin ƙurarsa. Nefrayit dangin ma'adinin tiremolayit ne, safentin kuma yakan ƙunshi ma'adinin kirisotayil, kuma dukansu biyu suna iya fitar da zaren asbestos, wanda ke maƙalewa a huhu ya jawo taurinsa ko sankara bayan shekaru ashirin ko fiye. Saboda haka duk mai huda ƙwayar carbi ko goge ta ya yi aikin da ruwa yana zuba a kan dutsen, ya sa takunkumin tace ƙura mai lamba P100, ya kwashe lakar tun tana jiƙe maimakon shara da tsintsiya. Kada a yi aikin a zaure ko tsakar gida inda yara ke wasa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda niƙa duwatsun zinariya masu dalma a gidaje ya hallaka ɗaruruwan yara.

Wanda ya daɗe yana wannan sana'a, kuma yake fama da tari ko haki, ya je asibitin koyarwa na Shika a ɗauki hoton ƙirjinsa, ya kuma gaya wa likita irin dutsen da yake sarrafawa.