Idan tagar PyMca ta ƙi buɗewa a Ubuntu

PyMca manhaja ce da aka ƙera a cibiyar bincike ta ESRF da ke Faransa, ana nazarin bakan hasken eksire da ita don gano sinadaran da ke cikin samfuri. Wani lokaci ka kira ta, taga ba ta fito ba, sai saƙo cewa Qt, wato tsarin da ke zana tagogin manhajar, ya kasa loda xcb, ɓangaren da ke haɗa shi da allo. Kada ka yi saurin goge ta, galibi laifin ba nata ba ne.

1. Buɗe Terminal ka rubuta QT_DEBUG_PLUGINS=1 pymca. Rubutu zai yi ta kwarara. Layukan ƙarshe kawai za ka karanta, nan sunan fayil ɗin da ya ɓace yake.

2. Saka abin da babu: sudo apt install libxcb-cursor0 libxcb-xinerama0. Na farkon ya zama dole tun daga Qt 6.5, na biyun kuma Qt 5 ne ke nemansa.

3. Idan daga wata kwamfuta kake shiga, yi amfani da ssh -X, sannan ka duba echo $DISPLAY. Ya dawo fanko? To manhajar ba ta da allon da za ta zana taga a kai.

4. In har yanzu shiru, rubuta pip list ka leƙa jerin kunshin Python da aka saka. Wannan ne ya taɓa cinye mini yini guda: kunshin opencv-python yana zuwa da nasa Qt, sai ya riƙa karo da wanda PyMca ke amfani da shi. Cire shi ka saka opencv-python-headless, ka sake kiran pymca.