Yadda Za Ka Auna Amincin Abokan Cinikinka

Fred Reichheld, wani masanin harkar kasuwanci, shi ne ya fito da wannan ma'auni da ake kira Net Promoter Score a 2003, tambaya ɗaya tak yake buƙata.

1. Tambayi abokan ciniki: daga 0 zuwa 10, yaya yiwuwar ka tallata mu ga wani naka?

2. Kasa amsoshin gida uku: masu 9 da 10 masoya ne, masu 7 da 8 'yan ba-ruwanmu, sauran masu ƙorafi.

3. Debe kason masu ƙorafi daga kason masoya. Masoya 50 cikin ɗari, masu ƙorafi 20, sakamako 30 ke nan.

4. Wajen karɓar amsoshi ne ha'inci ke shigowa, kuma yana ɓata lissafin gaba ɗaya. Kada ma'aikaci ya tsaya a kan mutum yana roƙon goma, kada a zaɓi 'yan gida kaɗai. A bar kowa ya amsa ba suna.

5. Maimaita bayan wata uku, ka kwatanta.