Yadda Ake Buɗe Hirar Addini da Ƙidaya Ba Tare da An Ɓata Ba

Ni malamin lissafi ne a Kaduna, kuma ɗakin malamanmu rabi Musulmi ne rabi Kirista. Mun daɗe muna cin ƙosai a faranti ɗaya, amma da zancen addini ya taso sai ka ga kowa ya duƙufa a kan littattafan ɗalibai. Wanda ya san garin nan ya san dalili.

Azumin 2025 ne ya karya shirun. Mu Musulmi mun kama ranar 1 ga Maris, su kuma Kiristoci suka shiga nasu ranar Laraba 5 ga wata, ranar da 'yan Katolika ke zuwa da toka a goshi. Na tambayi wata abokiyar aikina kwana nawa za su yi. Ta ce, "Arba'in, Malam." Na ɗauki alli na ƙirga daga Larabar zuwa jajibirin Ista, sai ga 46. Ta yi dariya ta ce, "Cire Lahadi shida." Ni ma na tona mata namu: Arba'una Hadisi ta Imamu Nawawi da muka haddace a Islamiyya, hadisai 42 ne a ciki. Ranar har aka kaɗa ƙararrawa ba mu ji ba.

Idan kana son gwada irin wannan hira ta ƙidaya da maƙwabci ko abokin aiki Kirista, to fara da arba'in, domin nan ne gonar ta fi faɗi. Amma ka yi ɗan shiri tukuna. Duba Suratul A'araf aya ta 142, inda aka yi wa Annabi Musa alkawarin dare talatin aka cika da goma, shi kuma ya buɗe Littafin Fitowa a Baibul, sura 24 aya 18, zai ga Musa a kan dutse yini arba'in da dare arba'in. Shekara arba'in da Banu Isra'ila suka yi suna ɗimuwa a jeji tana cikin Ma'ida aya ta 26, tana kuma cikin Littafin Ƙidaya nasu. Azumin da suke yi kafin Ista koyi ne da na Annabi Isa a jeji, kamar yadda Matiyu sura 4 ya kawo. Kai kuma ka faɗa masa cewa Annabi (SAW) yana da shekara arba'in aka fara saukar masa da wahayi. Kowa ya karanta daga littafinsa, da bakinsa. Kada ka karɓi nasa ka hau fassara masa, ko da kana ganin ka fi shi sani.

Tambayarka kuma ta zama "me kuke yi?" Ka bar "me kuka yi imani da shi?" sai gaba. Mutum ba ya jin an tsare shi idan ka tambaye shi yadda matan gidansu ke yi bayan haihuwa, alhali mu ma muna da wankan jego da fitar arba'in. Sadakar arba'in kuwa ka taka ta a hankali, don ko a tsakaninmu Musulmi akwai masu yi, akwai masu cewa bidi'a ce. Na taɓa sakin baki a kanta, rigimar ta koma tsakanina da wani ɗan uwana Musulmi, Kiristocin suka zama masu rabon faɗa.

Bayan arba'in sai bakwai. Mafarkin sarkin Masar na shanu bakwai masu ƙiba da bakwai ramammu yana cikin Suratu Yusuf da Farawa sura 41. Muna ɗawafi bakwai, Safa da Marwa bakwai, muna raɗa suna ranar bakwai. Yahudawa na zaman makoki kwana bakwai. Wanda ya tashi da kallon fim ɗin Indiya ya sha ganin ango da amarya suna zagaya wuta sau bakwai. A nan ne harshe ke zamewa. Kada ka ce "ai kamar ɗawafi ne". Adadin ne ya zo ɗaya, abin da ake bauta wa daban. Haka ma kwanakin halitta: littattafan biyu sun ce shida, nasu ya ce aka huta a na bakwai, Suratu Ƙaf aya ta 38 ta ce wata gajiya ba ta shafi Allah ba. Ka faɗi bambancin a fili, ka saurari yadda su suke fahimtar kalmar hutun, ku wuce.

Yana da kyau ka san daga ina kamar take fitowa, don kada ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Wata daga labarin annabawan da muka yi tarayya a kansu take. Wata daga sama: rana da wata da taurari biyar masu tafiya da ake gani da ido sun zama bakwai, watannin shekara kuma goma sha biyu. Wata ma ina ganin daga tafin hannu ce, shi ya sa ba na yin zumuɗi don salloli biyar ne, littattafan Musa biyar, dokokin mabiya Buda biyar.

Uku kuwa, ka bar ta a aljihu. Wani matashin malami ya taɓa cewa muna wanke gaɓɓai sau uku a alwala, su ma suna da uku, wato Triniti: Uba, Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Kafin ka ce kwabo an jawo aya ta 171 ta Suratun Nisa'i, fuskoki suka canja, aka yi mako ba a haɗa kuɗin ƙosai ba. Wannan magana ce ta aƙida, ƙidaya ba ta warware ta.

In hira ta yi sanyi, ajiye carbi a kan tebur. Nawa mai 99 ne, tsarabar Madina. Na abokiyar aikina mai shuɗin duwatsu ne, 59, an jera goma-goma sau biyar da gicciye a ƙarshe. Na 'yan Hindu da mabiya Buda 108 ne. Muka ƙirga, kowa da nasa a hannu, ta faɗi abin da take karantawa a kowace ƙwaya, na faɗi nawa.

Gargaɗi ɗaya daga mai koyar da lissafi: ka guji masu tara haruffa su raba su ninka har su fito da "sirri". Rashad Khalifa, ɗan Masar da ya zauna a Amurka, ya bi lamba 19 da kwamfuta har ya kai ga ƙin ayoyi biyu na ƙarshen Suratut Tauba don sun ƙi shiga lissafinsa. Ba ni kowane littafi da alli da yini guda, zan fitar maka da lambar da kake so.

Yanzu muna kan goma sha biyu. Na kawo mata Baƙara aya ta 60, inda Annabi Musa ya bugi dutse idanun ruwa goma sha biyu suka ɓuɓɓugo. Washegari ta zo da Fitowa sura 15 aya 27: wani wuri mai suna Elim, maɓuɓɓuga goma sha biyu da itatuwan dabino saba'in. Ta ce, "Malam, ba labari ɗaya ba ne fa, mu a can tarar da ruwan aka yi." Na ce, "Na gani, Madam. To saba'in ɗin fa, kuna da wata?"