Ga baƙon Kano mai tsohuwar ƙaramar mota: idan inji ya fara zafi

'Yan'uwa da ke tasowa daga Maraɗi, Damagaram ko Yamai su zauna a Kano da tsohuwar Starlet, Corolla ko Golf sukan yi mamakin motar da ta ci doguwar hanya lafiya lau, amma ta shigo gari ta fara tafasa. Ba rana kaɗai ba ce, don can ma akwai ta. Cunkoso ne. A Kurna ko wajen Kantin Kwari sai ka daɗe kana tafiyar hawainiya, iska ba ta ratsa lagireto, aikin duka ya koma kan fanka, musamman daga Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40.

Da allurar ma'aunin zafi ta doshi ja, kashe AC, ka gangara gefe, ka kashe inji. Kada ka taɓa murfin lagireto sai bayan kamar minti 30, shi ma da tsumma mai kauri, a hankali. Murfin yana riƙe matsi mai ƙarfi, ruwan ciki ya wuce digiri 100, in ya feso zai saluɓe fata. Masu sheƙa ruwan leda mai sanyi a kan inji mai zafi kuwa, top silinda, wato murfin saman inji, suke neman lanƙwasawa.

Kafin ka kashe ko sisi, lura da lokacin da take zafin. Nan amsar take.

Idan a cunkoso take yi, amma da hanya ta buɗe allura ta sauka, tuhumi fanka. Bar motar tana silo, wato a tsaye inji na aiki, ka jira. Allura ta wuce rabi fanka ba ta tashi ba? Fara da fis, sai rile (ɗan akwatin da ke sakar wa fanka wuta), sai soket ɗin suwic da ke jin zafin ruwa. Ja waya biyu daga batir kai tsaye zuwa fankar: in ta juya, lafiyarta ƙalau, matsalar tana hanyar da wuta ke bi ta iso ta, in ta yi shiru, injin lantarkin fankar ne ya mutu.

Idan kuma a gudu take yi, kamar a hanyar Zariya, ruwa ne ba ya zagayawa. Ko lagireto ya toshe, ko tamostat (ƙofar da ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto in inji ya yi zafi) ya maƙale, ko fuka-fukan famfon ruwa sun cinye. Bayan ka kashe inji, shafa jikin lagireto: wurin da ya yi sanyi alhali gefensa na ƙuna, nan ya toshe. Tamostat kuwa, cire shi ka jefa a tukunyar ruwa a kan wuta. Na yawancin tsofaffin Toyota yana buɗewa a digiri 82, lambar tana jikinsa. In ruwa ya tafasa bai buɗe ba, sai sabo.

Bakanike da yawa zai ce a cire tamostat gaba ɗaya, a haɗa fanka "dairek" ta yi ta juyawa ba tsayawa, wai ƙasarmu ba Turai ba ce. Ba mu goyon baya. Ɓoye ciwo ne kawai, mota tana ƙara shan mai, inji yana daɗewa bai kai zafin aikinsa ba, fankar ma ta mutu da wuri.

Ruwa yana raguwa kullum? Shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare. Duba bakin tiyo na sama da na ƙasa, da ƙaramin ramin da ke ƙasan famfon ruwa, da robar murfi. Murfin da ya saki shi ne mafi arhar gyara, kuma shi aka fi mantawa. Fanbel, in ka danna da yatsa, kada ya lotsa fiye da santimita 1.

Ruwan burtsatse yana barin gishiri da tsatsa a ciki. Ƙaramar mota tana cin kamar lita 5 zuwa 6. Haɗa kulan, wato ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, da tataccen ruwa rabi da rabi. Bayan juye, bar murfi a buɗe inji yana silo har kumfar iska ta ƙare, sannan ka cika. Ƙurar hunturu da ledoji su ma suna like gaban lagireto, wanke shi da ruwa marar ƙarfi daga ɓangaren inji zuwa waje.

Akwai inda gyaran gida ya tsaya. Kumfa ba ta daina tasowa a bakin lagireto, farin hayaƙi a salansa ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara: gasket ɗin da ke tsakanin top silinda da jikin inji ya ƙone. Kada ka ci gaba da tuƙa ta. A gareji ka nace a auna top silinda da ƙarfen awo kafin a ɗora sabon gasket, in ya lanƙwashe a kai shi a goge, in ba haka ba ka biya kuɗin aiki sau biyu.

Kayan gyara akwai su a Ƙofar Ruwa da Sabon Gari, sabo da na Beljiyom. Tafi da tsohon a hannunka ka gwada su gefe da gefe, ku yi magana da mai shago kan canji in bai hau ba. Ka kuma daidaita kuɗin aiki da bakanike tun kafin ya ɗora sifana, ka ce masa abin da ya cire naka ne.